Labari, Bugu da Hoto: Abin da Ke Riƙe Wasan Harbi na Ƙagaggen Kimiyya

Masu sharhi kan wasannin bidiyo sun saba raba maki gida uku: labari kaza, daɗin bugu kaza, kyan hoto kaza. Rabon yana da sauƙin karantawa, amma a wasan harbi irin wanda kake kallon duniya ta idon jarumin, ba ka ganin komai nasa sai hannu da bakin bindiga, abubuwan nan uku a ɗaure suke da juna. Dalili shi ne kyamara tana hannun ɗan wasa. Mai shirya fim shi ke zaɓar inda ido zai sauka. Mai ƙera wasan bidiyo ba shi da wannan iko. Yana iya kwashe watanni yana gina fashewar jirgin sararin samaniya, ɗan wasa kuma ya juya mata baya yana laluben harsashi a lungu. Duk abin da labari zai faɗa, duk abin da hoto zai nuna, sai ya bi ta abin da hannun ɗan wasa ke yi a lokacin. Shi ya sa daga bugun za a fara.

Harsashi iri biyu

A cikin injin wasa harbi kala biyu ne. Na farko, da ka danna kunama kwamfuta za ta ja miƙaƙƙen layi daga inda kake saiti, abin da layin ya fara taɓawa shi aka harba, nan take. Babu harsashin da ke tafiya a iska, lissafi ne kawai. Na biyu, ana ƙirƙirar wani abu mai gudu, dunƙulen wuta ko roka, yana tafiya ido na ganinsa har ya isa.

Bambancin nan shi ke yanke irin motsin da ɗan wasa zai yi. Harbin nan-take ba a kauce masa, sai dai a ɓuya. Harbi mai tafiya ana iya goce masa, saboda haka yana sa mutum ya fito fili yana zagaye. Doom na kamfanin id Software, wanda ya fito a Disamban 1993, ya haɗa su biyun da gangan: sojojin da suka rikiɗe suna harbin nan-take amma ba su da jini da yawa, wato ma'aunin ran da harbi ke ragewa, aljanun da ke jifa da wuta kuma sun fi tauri amma wutarsu ana ganin zuwanta. Da ka shiga ɗaki, cikin rabin sakan sai ka yanke wa za ka fara kashewa. Amsar kusan kullum ita ce masu harbin nan-take, sauran a yi ta goce musu har a gama. Wannan ɗan yanke shawarar shi ne zuciyar wasan.

A nan ƙagaggen kimiyya ke ba mai ƙira wata dama da wasan yaƙin zahiri ba ya da ita. Harsashin gaske ya fi ƙarfin ido. Amma idan aka ce baƙin halittu ne ke harba dunƙulen wuta shuɗi, babu mai tambayar me ya sa yake tafiya a hankali ko me ya sa yake haske. Labarin ya ba da uzurin a yi harsashin da ake iya karantawa.

Sai lissafin kisa. A ɗauka abokin gaba yana da jini 100, bindiga tana cin 25 a kowane harsashi, tana fitar da 600 a minti, wato 10 a sakan. Harsashi huɗu sun gama da shi, tsakanin na farko da na huɗu sakan 0.3. A rage ƙarfin harsashin zuwa 24 kawai, sai an harba biyar, lokacin ya koma sakan 0.4. Ragin kashi 4 cikin 100 ya ƙara tsawon faɗa da kashi ɗaya bisa uku. Irin wannan ƙididdigar ce masu daidaita makamai ke kwana a kanta, kuma a nan ake yawan yin kasala wajen matakin wahala: maimakon a ƙara wa abokan gaba wayo ko a sauya haɗinsu, sai a ninka musu jini. Sakamakon shi ne ka juye gidan harsashi guda a ƙirjin halitta tana tsaye ko gezau. Wasan ya ƙara tsawo, bai ƙara wuya ba, bindigar kuma ta zama kamar ba ta da amfani.

Jini, garkuwa, da inda suke tura ka

Yadda ake mayar wa ɗan wasa da jininsa yana faɗa masa ya matsa gaba ko ya ja baya, ko da babu wanda ya rubuta haka. A tsofaffin wasanni akwatunan magani ake warwatsawa a taswira. Matsalarsu sananniya ce: kana iya isa wurin babban faɗa da jini 8, babu akwati kusa, ka maƙale.

Halo na kamfanin Bungie, 2001, ya kawo garkuwar makamashi mai cika kanta idan ka ɗan kauce wa harbi na wasu sakanni, ya kuma taƙaita ka ga bindiga biyu kacal. Garkuwar ta ba mai ƙira tabbacin cewa kowa zai shiga kowane faɗa da wani abin kare kai, don haka zai iya auna faɗan daidai. Bindiga biyun kuma ta sa kowace gawa ta zama tambaya: in yar da wannan in ɗauki waccan? Makaman wutar baƙin halittu suna saurin fasa garkuwa, harsashin mutane kuma ya fi cin jiki, saboda haka mai wayo yana riƙe ɗaya daga kowane ɓangare. Manyan mayaƙan abokan gaba launin sulkensu ke nuna muƙaminsu, shuɗi ƙarami, ja na sama da shi, ruwan zinare mai takobi. Ka kashe babban, ƙananan da ke bayansa su watse suna ihu. Launi, wanda aikin masu zane ne, ya zama bayanin dabara, halin halittun kuma, wanda aikin marubuta ne, ya zama hanyar cin faɗa.

Da sauran kamfanoni suka kwaikwayi jini mai cika kansa ba tare da sauran tsarin ba, sai aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Ɗan wasa ya koyi cewa mafi aminci shi ne ya durƙusa bayan katanga, ya leƙo, ya yi harbi, ya koma ya jira. Doom na 2016 ya juya lissafin gaba ɗaya. Aljanin da ya jigata yana ƙyalli, idan ka matsa ka ƙarasa shi da hannu sai jini ya zubo maka. Harsashi ya ƙare, ka sa zarto mai inji ka tsaga ɗaya, harsashi ya zubo. Doom Eternal na 2020 ya ƙara da cewa wanda ka cinna wa wuta yana zubar da sulke. Duk abin da kake buƙata yana jikin abin da ke neman kashe ka, ja da baya ya zama hanyar mutuwa.

Batun wayon abokan gaba ya cancanci a faɗi wata gaskiya da ba a cika sani ba. Wasan F.E.A.R. na 2005 har yau ana yabon sojojinsa, kuma tsarin da Jeff Orkin ya gina yana barin kowane soja ya tsara matakan cimma burinsa da kansa. Amma rabin abin da ke sa a ji suna da basira bakinsu ne. Suna ihu cewa ga shi can, a zagaye shi, muna buƙatar ƙarin mutane. Sojan da ya zagaye ka shiru ya harbe ka ta baya, cewa za ka yi wasan ya cuce ka. Wanda ya sanar kafin ya zagayo, cewa za ka yi yana da wayo. Basirar da ɗan wasa bai gani ko bai ji ba, asarar aiki ce.

A na'urorin wasa masu amfani da hannun wasa mai maɓallai maimakon linzamin kwamfuta, akwai taimakon saiti a ɓoye. Saitin yana rage gudu idan ya ratsa kan abokin gaba, wani lokaci harsashin ma ana ɗan karkatar da shi. Idan an yi shi daidai ba a lura. Idan ya yi yawa, saitinka zai bi wani da ya gilma ya bar wanda kake nufi.

Ba da labari ga wanda ba ya tsayawa

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙwace kyamara, a nuna ɗan fim, a mayar. Tana aiki, amma tana da tsada guda biyu: tana yanke bugu, kuma jarumin cikin fim ɗin yakan yi abin da ɗan wasa ba zai yi ba, kamar ya tsaya a kama shi bayan ya kashe ɗaruruwa shi kaɗai.

Half-Life na kamfanin Valve, 1998, ya ƙi wannan hanya. Wasan yana buɗewa kana cikin ƙaramin jirgin ƙasa mai shiga cibiyar bincike ta Black Mesa, mintuna da dama babu bindiga, babu abokin gaba, kana kallon ma'aikata da injuna ta taga. Jarumin wasan, Gordon Freeman, ba ya magana, kyamara ba ta barin idonsa. Amfanin wannan jinkiri yana fitowa bayan gwajin ya lalace: kana bi ta ɗakunan da ka gani lafiya lau ɗazu, yanzu a ruguje. Babu wanda ya ce maka an yi ɓarna, ka san wurin tun kafin ta auku.

Don a jawo idon wanda ke riƙe da kyamara, akwai dabaru na aiki. Ƙofar da ake so ka bi ta fi sauran haske. Ana sa abin mamakin ya faru a ƙarshen siririyar hanya, inda babu wajen kallo sai gaba. Tsuntsaye su tashi ko wani abu ya faɗo, ido ya bi motsin. Ƙara ta fito daga inda ake so ka juya. A garin Ravenholm na Half-Life 2, 2004, kafin ka fara amfani da bindigar maganaɗisu mai ɗaukar kaya wajen faɗa, sai ka tarar da faifan zarto a kafe jikin bango da gawa rabi biyu. Ka cire faifan da ya tare maka hanya, abokin gaba ya ɓullo daidai gabanka. An koya maka makami, an gaya maka yadda wani ya rayu a garin, babu rubutu ko layi ɗaya.

Wata hanyar ita ce saƙonnin murya da matattu suka bari, wadda System Shock na 1994 ya shahara da ita. Tana da arha kuma ba ta tsayar da kowa. Inda take lalacewa shi ne idan aka ajiye saƙon dab da faɗa, ƙarar harbi ta danne muryar, ko kuma aka zuba ginshiƙin labarin a cikin abin da rabin 'yan wasa ba za su tsinta ba. Ƙa'idar da ta fi aiki: abin da dole a sani ya faru a gaban ido, saƙonni su ɗauki ƙarin bayani.

Akwai cutar da ta fi kama ƙagaggen kimiyya: jibga sunaye. Daula kaza, yarjejeniya kaza, sinadari kaza, duk a minti goma na farko, ga mutum bai ma gama gane maɓallin tsalle ba. Doom na 2016 ya yi wa wannan ɗabi'a shaguɓe. Shugaban cibiyar ya fara dogon bayani ta allo, jarumin ya ture allon gefe ya wuce. Motsi guda ya bayyana halinsa, ya kuma yi daidai da abin da mai riƙe da hannun wasa ke ji.

Idan labari da bugu suka saɓa, ana ji. A 2007 mai ƙera wasanni Clint Hocking ya yi wa BioShock wannan suka: tsarin wasan yana ba ka zaɓin son kai ko tausayi game da ƙananan yaran da ke cikin birnin, amma babban labarin bai ba ka zaɓin ƙin taimakon wanda ke ba ka umarni ba. Misalin da suka haɗu ƙwarai kuwa yana cikin Titanfall 2 na 2016. A wani babi ana ba ka na'urar da ke jefa ka tsakanin lokaci biyu da danna maɓalli ɗaya: cibiyar bincike tana sabuwa cike da masu gadi, da ita dai bayan ta zama kango cike da namun daji. Ƙofar da ke kulle a can, a nan ta rushe. Masu gadi sun matsa maka, ka tsallaka zuwa kango, ka zagaya, ka dawo ta bayansu. A fasahance taswira biyu aka gina, ɗaya a saman ɗaya, maɓallin yana ɗauke ka ne daga wannan zuwa waccan. Labarin abin da ya hallaka wurin da hanyar cin faɗan abu guda ne. Kuma da babin ya ƙare aka ajiye dabarar, ba a ja ta har ta gundura ba.

Milisakan 16.7

Hoto kasafi ne na lokaci. Wasan da ke nuna hoto 60 a sakan yana da milisakan 16.7 ya gama komai na kowane hoto: karanta abin da ka danna, motsa abokan gaba, lissafin harsashi, haske, inuwa, fenti. A hoto 30 kasafin 33.3 ne, a 120 kuma 8.3. Allon 1920 sau 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Na 4K yana da 8,294,400, ninki huɗu daidai, wato kusan ɗigo miliyan 500 a sakan idan ana son hoto 60. Duk ƙyallin da aka ƙara daga wannan kasafi ake cirewa, kuma a wasan harbi abin da ake biya da shi shi ne saurin amsar saiti.

Tarihin fannin kusan duk dabarun zamba ne masu kyau. Doom na farko ba cikakken gini mai zurfi uku ba ne, ba ya iya ɗora ɗaki a kan ɗaki, kuma hoto 35 a sakan ne iyakarsa. Quake na 1996 ya kawo cikakken zurfi, amma haskensa an lissafa shi tun kafin a saki wasan aka manna a bango. Har yau injuna ba sa zana abin da bango ya tare, suna sauya abin da ke nesa da samfuri mai ƙarancin alwatika, suna zana ƙusoshi da tsagogin sulke a kan shimfiɗaɗɗen fili ta hanyar yaudarar haske.

Doom 3 na 2004 shi ne darasin abin da ke faruwa idan fasahar hoto ta ja ragamar bugu. Injinsa yana lissafa haske da inuwa kai tsaye, abin burgewa a lokacin, amma kowace fitila tana da tsada, ɗakuna suka zama matsattsu masu duhu, abokan gaba kaɗan-kaɗan. Aka ba ka tocila wadda ba ka iya riƙe ta tare da bindiga. Wasu na ganin wannan ne ya ba wasan tsoronsa, kuma suna da hujja. Amma 'yan wasa da yawa suka yi ta sauke gyaran da ke ɗaura tocilar a kan bindiga, fitowar 2012 kuma ta maƙala ta a jikin sulke. Crysis na 2007 ya bi ɗaya gefen: tsibiri mai faɗi, itatuwa masu karyewa da harbi, har sunansa ya zama abin gwada ƙarfin kwamfuta. Abin da ya sa kwalliyarsa ta biya kuɗin sabulu shi ne dajin yana da aiki. Rigar jarumin tana ba shi ɓacewa, gudu, ƙarfi ko sulke daga rumbun makamashi guda, ciyayi da faɗin fili kuma su ne wurin amfani da su. Da wasan ya shige cikin jirgin baƙin halittu hanya ta tsuke, hoton bai rage kyau ba, amma zaɓi ya ragu, kuma wannan ɓangare ne aka fi kuka da shi.

Ma'aunin hoto mai kyau a nan shi ne karantuwa. A gane irin abokin gaba daga siffar inuwarsa kafin a ga fuskarsa. Launinsa ya fita daban da bango. Wutar da ke zuwa kanka ta bambanta da wadda kake harbawa. Ƙagaggen kimiyya yana yawan faɗawa tarkon lungunan ƙarfe masu launin toka da suka yi kama da juna, mutum ya rasa gaba da baya. Halo da kansa bai tsira ba, matakin ɗakin karatunsa ya yi suna wajen maimaita falo iri ɗaya. A ɗaya hannun kuma nau'in yana ba da damar saka bayanai cikin duniyar wasan: adadin harsashi a jikin bindigar Halo yake, a Metroid Prime na 2002 kuma komai a gilashin kwalkwali yake, ruwan sama na sauka a kansa, tururi na dushe shi, idan wani abu ya fashe kusa sai ka hango fuskar jarumar a ciki.

Tun 2018, da katunan hoto na RTX na kamfanin Nvidia, aka fara bin sawun haske kai tsaye, har fitowar Metro Exodus ta 2021 ba ta tashi sai da katin da ke iya wannan. Don a biya tsadarsa sai ake zana hoton ƙarami a ɗaga shi: a 4K, matakin inganci na DLSS, fasahar Nvidia ta ɗaga hoto, yana zana 2560 sau 1440 ne, matakin sauri kuma 1920 sau 1080. Dabarar tana aro daga hotunan da suka gabata, shi ya sa abu mai gudu yakan bar ɗan sawu a bayansa, siraran wayoyi su yi rawa. Ƙirƙiro hotunan tsakiya kuma yana sa motsi ya yi santsi a ido, amma ba ya rage jinkiri tsakanin hannu da allo, domin hoton da aka ƙirƙiro bai karanta abin da ka danna ba.

Wanda wasa ke yi masa nauyi, kada ya dubi matsakaicin adadin hoto kawai. Wasan da ke ba da 90 amma lokaci-lokaci hoto guda ya ɗauki milisakan 80 ya fi mai tsayayyen 60 ban haushi. Idan tsaikon yana zuwa ne karon farko da aka ga sabuwar fashewa ko sabon makami sannan ya daina, injin ne ke harhaɗa umarnin fenti ga katin hoto a tsakiyar wasa, rage inganci ba zai magance shi ba, sai dai a bar wasan ya kammala harhaɗawar a farko idan yana da wannan zaɓi. Idan yana zuwa ne a bakin sabon yanki, lodi ne daga ma'ajiya, ko kuma ƙwaƙwalwar katin ta cika, a sauke ingancin fatar abubuwa, wato hoton da ake lulluɓe jikinsu da shi, mataki ɗaya. Idan nauyin na ko'ina ne, a fara kashe bin sawun haske, sai inuwa, sai hazo da hayaƙi, kafin a taɓa girman hoto.

Mai jin jiri kuma ya duba faɗin gani. Wasannin da aka ƙera don kallo daga nesa a talabijin sukan zo da kusurwa matsattsiya, wanda ke zaune dab da allon kwamfuta sai ya ji kamar ta bututu yake leƙe. Digiri 90 zuwa 105 a kwance ya fi dacewa da yawancin masu zama kusa, tare da kashe dushewar motsi da girgizar kai. Faɗaɗawar tana da nata farashi: abubuwan da katin zai zana sun ƙaru, abokin gaba na nesa kuma ya ƙanƙance a tsakiyar allo.